Gonaki Uku da Kawu Bai Ƙirga Ba

Abin da ke wuyan Kawu a kakar da ta wuce, in an jera shi, ga shi: gidaje talatin da ɗaya na ƙauyenmu, gonakinsu na gero da dawa da wake, abincin shekara na duk bakin da ke cikin gidajen nan, da wata yarjejeniya tsakaninmu da mutanen daji wadda ba a rubuta ba, ba ta da shaida sai bakinsa. A ɗaya gefen kuma ransa ne shi kaɗai, tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai wanda fitsari ya ɗaure wa, ga asibiti a Batsari, tafiyar da ba ta kai awa guda a kan babur ba. Ko ya fita neman magani a bar amfanin gona a hannun masu bindiga, ko ya zauna a kai amfanin rumbu. Ya zauna. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu isa.

A gidana na Batsari aka yi zaman makoki, don rabin mutanen ƙauyenmu a nan suke yanzu, wasu a ɗakunan haya, wasu a gidajen da ba a gama ginawa ba. Kwana uku ina karɓar gaisuwa. Ni mai saye da sayar da hatsi ne, na saba duban fuskar mutum kafin in saurari bakinsa, kuma abin da na gani a fuskoki ne ya sa na ɗauki biro. Akwai waɗanda suka yi kuka kamar ubansu ne ya rasu. Wata tsohuwa ta taho tun daga Wagini a kan jaki, ta ce da daɗewa ya ƙwato mata haƙƙinta a hannun wani mai shanu, ba ta taɓa yi masa godiya ba. Akwai kuma waɗanda suka tsaya daga bakin ƙofa, ko takalmi ba su cire ba. Maƙwabcin Kawu, wanda darni ɗaya ya raba su tun suna samari, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi jiƙan musulmi," ya shafa, ya juya. Bai ce Allah ya jiƙan Kawu ba. A bayan rumfa na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "Infoma dai ya tafi." Babban ɗan Kawu, taubashina, ya zauna can ƙarshen tabarma da bindigarsa a jingine, bai amsa gaisuwar kowa ba. Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Tambaya ɗaya ta riƙa yi mini: "An ba shi ruwa ya sha?"

Ba na so kalmar nan ta bayan rumfa ta zama ita ce abin da ya rage na Kawu. Zan faɗi abin da na sani, har da wanda ba ya yi mini kyau.

Kawu shi ne mai ƙiyasin ɓarna na yankinmu. In shanu suka faɗa gonar wani, shi ake kira ya duba ya faɗi dami nawa aka ci. Ba sarauta ba ce, ba a naɗa masa rawani ba, mutane ne kawai suka ga ba a taɓa kama bakinsa da ƙari ko ragi ba, manoma da makiyaya suka yarda da shi. Yana shiga gona ba takalmi. Ya bi kunya kunya yana duban kara: saniya tana fizga da harshe, akuya tana yanka da haƙori, jaki yana tumɓukewa da saiwa. Ya duba kashin dabba ya san na jiya ne ko na shekaranjiya. Mai gona na biye da shi yana rantsuwa, mai shanu na biye yana rantsuwa, shi kuwa abu ɗaya yake ce musu: "Ku yi shiru tukuna, ban gama kallo ba." Ba ya shan ko ruwan gidan ɗayansu sai ya faɗi abin da ya gani. In ya gama kuwa, zai sha furar kowa, har ya nemi ƙari.

Shi ya ba ni jakin da na fara fatauci da shi, lokacin da mahaifina ya rasu ba ni da komai sai buhu biyu na banza. Bai ce aro ba ne, bai ce kyauta ba. Ya ce, "Ba shi da aikin yi, kai ma ba ka da shi, ku je ku taimaki juna." Amma bai taɓa yarda da awona ba. Kowa ya san yadda muke yi a kasuwa: in muna saye mu kewaye bakin tiya da hannu don tsibin ya ƙaru, in muna sayarwa mu janye hannun. Wata rana ya tsaya a kaina ina auna geron wata mata, ya sa sandarsa ya ɗan buge mini wuyan hannu.

"Dillali, tiyar ce kake awo da ita ko damtsenka?"

Na ce, "Kawu, haka kasuwa take."

Ya ce, "To auna mata da tiyar, ka bar wa kasuwa damtsen."

Mutane suka yi ta dariya. Na yi wata guda ba na zuwa gaishe shi, sai da Inna ta ja mini kunne.

Amininsa bafillace ne mai ruga a yamma da mu, bakin daji. Baffa muke ce masa. Duk bayan girbi shanun Baffa suna kwana a gonar Kawu su zuba taki, Kawu ya ba shi damin gero, haka suka gada daga iyayensu. Wata damina shanun Baffan suka ɓarke cikin dawar wani, aka kira Kawu, ya duba ya ce dami bakwai. Baffa ya ce, "Haba, aboki, ko don gaisuwar safe ba za ka sauke mini ɗaya ba?" Kawu ya ce, "Na sauke maka. Da na haɗa da haushin da ka ba ni, goma ne." Baffa ya biya bakwai, da yamma ya aiko masa da ƙwaryar nono.

Yadda abin ya lalace, na gani da idona, kuma na ci riba a ciki. Maigarinmu na lokacin ya fara yanka burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, yana sayarwa a matsayin gona. Bana yanki ɗaya, baɗi wani. Ni ma na sayi yanki, ƙasa ce mai taki, ban tambayi inda shanu za su bi ba. Da hanya ta ƙuntata, ɓarna ta yawaita, kuma kowace ɓarna abinci ce ga maigari. Kawu ya ce dami biyar, maigari da mutanen da yake haɗa baki da su can gaba su mayar da shi ashirin. Manomi ya karɓi uku, bafillace ya sayar da saniya ya biya. Shanun nan na dole, masu arha, wasu ni na saye su. Manomi yana ganin bafillace ya cinye masa gona, bafillace yana ganin manomi ya cinye masa garke, wanda ya cinye su duka yana zaune a kan buzu.

Laifin Kawu a nan shi ne shiru. Shekaru ya yi yana cewa, "Ni ƙiyasi aka ce in yi, ba hukunci ba." Ya san abin da ake yi da bakinsa. Sai wata ranar Juma'a, a ƙofar gidan maigari, jama'a cike, aka sanar cewa mai ƙiyasi ya ce dami ashirin da biyu. Kawu yana zaune a gefe. Ya miƙe ya ce, "Ranka shi daɗe, biyar na ce." Ya koma ya zauna.

Kafin la'asar samari sun cika ƙofar gidan. Taubashina ne a gaba. Ranar kaɗai na taɓa ganin 'ya'yan manoma da 'ya'yan ruga kafaɗa da kafaɗa suna ihu ɗaya. Suka warware wa maigari rawani, suka ɗora shi a babur da kayan jikinsa kawai, suka ce in ya sake taka ƙasar nan sai dai gawarsa ta fita. Mata suka yi guɗa. Ni ma na ji daɗi, har na raba goro. Da jama'a suka watse, Kawu ya kira ɗansa zaure, ina nan zaune.

"To, gobe in saniya ta shiga gona, wa zai yanke?"

"Mu, Baba."

"Ku su wa?"

"Jama'a."

Kawu ya ce, "Ina ƙofar gidan jama'ar take, in an zalunci mutum ya je ya yi sallama?"

Taubashina ya yi dariya ya dube ni ya ce, "Bawana, ka ji tsoho, mun cire masa ƙaya yana tambayar wa zai soka masa wata." Haka yake kirana tun muna yara, don shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace.

An kori maigari, amma ba wanda ya mayar da burtali. Iyayen samarin nan su suka saya, ni ma ina ciki, kowa ya yi kamar bai san zancen ba. Ana nan ɓarayi daga cikin daji suka fara kore shanun huɗa. Ba manoma kaɗai suka yi wa ba, Baffa kansa an kore masa fiye da rabin garke. Amma samarinmu, waɗanda yanzu suka zama 'yan sa-kai da bindigogin maƙera da layu a damtse, ba su da wanda za su kai wa ƙara, ba su kuma da wanda zai ce musu tsaya. Su ke kamawa, su ke tambaya, su ke yankewa, duk a tsaye. Wata ranar kasuwa babban ɗan Baffa ya kawo rago sayarwa. Wani ya ce ya taɓa ganin shi da ɓarayi. Wa ya ce? Har yau ba a sani ba. Aka ja shi bayan kasuwa, kafin azahar an gama. Ina tsaye da tiya a hannuna, tsakanina da wurin bai fi taku hamsin ba, ban motsa ba. Taubashina ya rantse bai taɓa shi ba. Yana wurin dai.

Kawu ne ya wanke gawar, ya ɗora ta a amalanke ya kai ruga da kansa. Ya ce mini Baffa ya daɗe yana kallon ɗansa, sannan ya ɗago ya ce, "Aboki, kai ne mai ƙiyasi. Wannan dami nawa ne?" Kawu ya ce tunda yake bai taɓa rasa abin faɗi a gaban ɓarna ba sai ranar. Kwana biyu bayan haka rugar ta tashi ta shige daji. A can Baffa ya rasu. Autansa, wanda nake saya wa rake yana yaro, ya shiga cikin masu bindiga. Kawu kuma bai sake sa hannu a kwano ɗaya da ɗansa ba.

Masu bindigar sun zo mana da rana tsaka, a kan babura, uku uku. Ba zan bayyana ba, duk wanda ke tsakanin Ruma da Runka ya san yadda ake yi. Mun binne mutum tara, cikinsu babu ɗaya da ya je bayan kasuwa ranar nan. Rumbuna suka ci wuta. 'Yan sa-kai suka ja baya zuwa babban titi suka kafa shinge, masu hali suka gudo Batsari, marasa hali suka zauna. Kawu yana da hali, ga gidana, amma ya ƙi fitowa. Damina biyu ba wanda ya isa ya kai fartanya gona. Na ga matan da na sani da ƙiba suna dafa tafasa zalla ba gari.

A damina ta uku autan Baffa ya aiko. A yi noma, ba za a taɓa kowa ba. In an girbe, kashi ɗaya cikin biyar nasu ne. Ba za su shiga rumbun kowa ba, abin da Kawu ya ce gona ta bayar shi za a raba. Sharaɗi ɗaya: Kawu ba zai bar ƙauyen ba sai ya ƙirga gona ta ƙarshe. Mutane suka yi murna, suka raka Kawu har gida suna sa masa albarka. Bakinsa da ya kori maigari shi ne yanzu zai auna wa masu bindiga rabonsu.

Na je na same shi a kan wannan, muka yi faɗan da ya fi kowanne.

"Kawu, in gona ta ba da arba'in, ka ce talatin. Wa zai sani? Dukiyar zalunci ce, ba zakka ba."

"Yaran nan sun yi kiwo a gefen gonakin nan tun ba su iya ɗaura wando ba. Sun san abin da kowacce ke bayarwa."

"Ka rage ko biyu biyu."

"Ran da suka kama ni da dami ɗaya, duk abin da na faɗa a baya ya zama ƙarya, su shigo su ƙirga da kansu. Ka ga yadda suke ƙirga."

"To kai ma'aikacinsu ne ke nan?"

Ya dube ni har na ji kunya. Sannan ya ce, "Dillali, ko da ba za su kama ni ba, ban iya ba. Shekara hamsin ina faɗin abin da na gani. Yau in buɗe baki in ce talatin, arba'in ce za ta fito."

Da aka fara girbi, albarkar da aka sa masa ta fara komawa zagi. Maƙwabcin nan nasa ya ɓoye dami goma sha biyu a ƙarƙashin tarin harawa, ya jera sauran a fili. Ya manta Kawu ba dami yake ƙirgawa ba, kututturen kara yake bi a kan kunya. Kawu ya faɗi adadin gonar cif, har da na ƙarƙashin harawar. Mutumin ya ce masa a gaban mutane, "Shekara sittin muna darni ɗaya, ka tona mini asiri don 'ya'yan da suka kashe ƙanena?" Gaskiya ne, ƙanensa na cikin taran nan. Daga bakinsa kalmar infoma ta fita, ta bi titi har ta kai shingen 'yan sa-kai.

Saura gona tara ciwon ya kama shi. Matarsa ta kira ni a waya ta ce kwana biyu ke nan fitsari sai ɗigo ɗigo. Na ɗauki a-kori-kura na nufi ƙauye. A shinge na tarar da taubashina.

"Bawana, ina zuwa da mota ba kaya? Ko an kore ka daga kasuwar?"

"Ubanka zan ɗauko. Ba shi da lahiya."

Dariyar ta ɗauke. Ya ja ni gefe ya ce, "Sunanshi na cikin waɗanda muke nema."

"Ubanka ne fa."

"Shi ya sa har yau ba a je an ɗauko shi ba. Kana jin sauƙi gare ni? In na buɗe baki a kanshi, ni ma infoma ne." Ya dubi yaransa, ya dawo da kai. "Ran Alhamis da hantsi ni ke kan shinge. Ka rufe shi da buhuna. Zan ce na duba."

Na samu Kawu kwance a zaure, mara ta kumbura ta yi tauri kamar tulu, gumi na bin gemunsa. Ya amsa gaisuwata duka, har da tambayar kasuwa da iyali, bai tsallake ko ɗaya ba. Na karɓi wayarsa na kira autan Baffa. Ya gaishe ni da ladabi kamar da, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Dillali, ni ban ɗaure Baba ba. Shi ya wanke mini yaya, ban manta ba. Amma ba ni kaɗai ba ne a nan, akwai na sama da ni. In mota ta fita da shi, cewa za su yi soja ya tafi kira. Kafin ka kai titi sun shigo, ni kuma ba zan iya tare su ba."

"Mutuwa zai yi."

"To wani ya zauna a madadinshi. Kai ka san awo. Ka zauna ka ƙarasa, in an samu ragin dami ɗaya, wuyanka."

Na ce bari in yi shawara.

Wannan ita ce maganar da nake so a rubuta daidai. Ranar Talata ce. Da na ce to a take, da na roƙi taubashina ya san yadda zai yi da shinge a ranar, wataƙila da Kawu ya kwana a asibiti. Na koma Batsari na ce zan nemo wanda zai zo ya sa masa robar fitsari. Na nema da gaske, na roƙi mutum uku da suka iya aikin, kowa ya ce yana da 'ya'ya, kuma ban ga laifinsu ba. Amma ni na san ba neman mai roba kaɗai ya riƙe ni kwana biyu ba. Ina da mata da 'ya'ya bakwai da shago, ina lissafa su ina sake lissafawa, kamar amsar za ta canja.

Ran Alhamis da sassafe na koma, na yanke zan zauna. Ban same shi a zaure ba. Ashe kwana biyun nan sawa ya yi ana shimfiɗa shi a amalanke, ana jan shi gona gona. Ba ya iya takawa, sai a bi da shi ta gefen kunyoyi yana kwance a kan haƙarƙari yana kallo. Ya ƙirga shida a haka. Na same shi a hanyar ta bakwai.

"Kawu, ga mota. Na yarda, ni zan zauna. Ɗanka na kan shinge yana jiranka."

Ya buɗe ido. "Shi ya ce?"

"Shi ya ce."

Ya dubi gonar da ke gabanmu. Sannan ya ce, "Saura uku. Hannunka ya saba, Dillali, zai rage ko ba ka sa shi ba. Biyo ni ka ga yadda ake yi, kafin azahar mun gama, sai mu tafi."

Na yi masa magiya, na yi masa tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Na ce zan ɗauke shi da ƙarfi. Ya ce in na taɓa shi bai yafe ba. Sai na bi amalanken a ƙasa, yana gaya mini da murya ƙasa ƙasa: ka ƙirga kunya tukuna, ka zaɓi uku, ta gefe da ta tsakiya da ta wajen damshi, ka ƙirga kututture, ka duba kaurin kara. Ya nemi ruwa, na ɗaga kansa na ba shi, ya sha sosai. Na gaya wa Inna haka, kuma gaskiya ne. Da muka kai bakin gonar ya ce, "Fara daga gangare." Na shiga na fara. Da na kai ƙarshen kunya ta farko na juyo in tambaye shi, na ga mai jan amalanken ya cire hula.

Mun binne shi bayan azahar, a ƙauye. Sahu biyu ne kawai. Can nesa ƙarƙashin wata tsamiya wasu mutum huɗu suka tsaya a gefen baburansu, ba su matso ba, ba su tafi ba sai da aka rufe kabari. Ɗansa bai samu zuwa ba, in ya shigo ba zai fita ba. Yana kan shinge tun hantsi yana duban kowace mota.

Bayan an shafa addu'a ba wanda ya tashi. Liman ya dube ni, dattawa suka dube ni. Saura gona uku, kuma yarjejeniya ba ta san mutuwa ba. Washegari na cire takalmi na shiga. Zuciyata ta kawo mini ragi tun a gona ta farko, ta wata gwauruwa ce mai marayu, na ga yadda take kallona. Na faɗi adadin cif. Kada wani ya ce na gaji gaskiyar Kawu. Tsoro ne ya riƙe mini hannu, ba komai ba. Mutanen daji suka zo suka ɗauki rabonsu, suka tafi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa shirunsa na shekaru da maganarsa ta rana ɗaya, ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Ya ba matarsa da Inna haƙuri, ya ba ɗansa abin da ya fi haƙuri, don shi ya fi mu buƙata. Wanda ya kira shi infoma, ban roƙe shi ya janye ba. Ya dai tuna tuwon da ya ci jiya daga wane rumbu ya fito.

Ga yadda lissafin ya tsaya. An kori maigari guda, yana can birni a gidan bulo, lafiyarsa ƙalau. A wurinsa mun samu masu karɓa a daji da masu tarewa a titi. Burtalin da aka fara rigimar a kansa, yankina yana nan, ba na noma shi, ba saniyar da ke bi. Kashi huɗu cikin biyar ya shiga rumbu a gidaje talatin da ɗaya, ba a kashe kowa ba a kakar nan, kuma in mata suka yi tattali zai kai su saukar ruwa. Autan Baffa yana da lambata yanzu, ya kira ya yi mini gaisuwa, ya ce sai damina. Taubashina ya gaya mini, ba da wasa ba, ba kuma tare da ce mini bawansa ba, cewa a jerin waɗanda suke nema, inda aka goge sunan ubansa nawa aka sa. Tun ina bin jaki nake sayen hatsi, ban taɓa sayen mai tsadar na bana ba, kuma baɗi ma sai mun sake saya.